Muryar Baba Mai Agogo

Magana zarar bunu ce. Manya sun faɗi haka tun ba a ƙera rakoda ba, balle yanzu da ake kama maganar mutum a kulle ta cikin kaset, a baje ta bakin titi ana sayarwa.

Auta tana cikin bas, ta taso daga makarantar da take koyarwa, sai ta ji muryar mahaifinta.

"Wannan waƙa ce ko faɗa? Fita! Fita!"

Ta waiga a firgice. Babu Baba a baya. Ta leƙa ta taga, babu shi a titi. Muryar ta sake dawowa, kiɗa mai nauyi yana dukanta daga ƙasa, ga wani ƙas-ƙas-ƙas kamar an tara agogon duniya a ɗaki ɗaya. Daga rediyon direba take fitowa.

"Fita! Fita!" kwandasta ya amsa, yana buga jikin mota da tafin hannu.

Matar da ke gefenta ta kwashe da dariya. "Wallahi tsohon nan ya fi mawaƙin iya waƙa. Ko wane ne oho."

"Mai gyaran agogon nan ne na bayan tasha," wani ya ce daga kujerar baya. "Da safe na wuce, jama'a sun cika ƙofar shagonsa, wai sai ya yi musu da bakinsa."

Sai wata murya ta hau kan kiɗan, tana zuba kalmomi kamar ruwan sama a kan kwano. Wannan ma ta san ta. Muryar mutumin da ta ce wa iyayenta in ba shi ba sai dai ta zauna haka.

Ba ta san lokacin da ta ce a sauke ta ba.

Bari a yi bayani, kada a ɗora laifi inda ba wurinsa ba.

Tsawa ake kiransa. Shi ne mutum na farko a ƙasar da ya yi waƙar rap da harshen da uwarsa ta yi masa faɗa da shi. Lokacin da ya fara, sauran samari suna kwaikwayon mawaƙan waje da yaren da su kansu ba sa ji. Shi ya ce a'a. Aka ce ya haukace. Gidajen rediyo suka riƙa mayar masa da kaset ɗinsa, suna cewa wannan ba waƙa ba ce, mutum ne yake mita da sauri.

Ba shi da kayan kiɗa. Don haka yake yawo da ƙaramar rakoda a aljihu, yana tsintar sauti yadda kaza ke tsintar hatsi. Keken tela, gudumar maƙeri, injin niƙa, tsintsiyar mai shara. Ya kai ɗaki ya yanka, ya haɗa, ya zama kiɗa. A wurinsa duk abin da ya shiga rakodar nan ya zama nasa. Ba wanda ya ba shi wannan doka, shi ya kafa wa kansa. Nan cutar take.

Ranar da ya je shago gaida Baba Mai Agogo don ya faɗi abin da ke ransa game da Auta, yana shiga ya ji agogunan bango suna bugawa tare. Sana'a ta rinjayi ladabi. Kafin ma ya durƙusa sai da ya kunna rakoda ya saƙale ta a kan kanta tsakanin agogo biyu.

Baba ya tambaye shi sana'arsa. Ya ce waƙa. Baba ya ce, "Yi in ji."

Ya yi.

Baba Mai Agogo mutum ne da ko 'ya'yansa ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Aikinsa na shiru ne, gilashi a ido, numfashi a riƙe. A ranar nan kaɗai ya yi tsawa, Tsawa kuwa ya fita da gudu ya bar rakodarsa. Da yamma Baba ya gan ta, ya ɗauka ƙaramar rediyo ce aka manta, ya miƙa wa Auta ya ce ta mayar wa mai ita.

Ita ce ta kai masa da hannunta.

Situdiyon Tsawa ɗaki ne a bayan shagon masu faci, an manne bangonsa da tsohuwar katifa don kada ƙara ta shiga. Yau da ta sauka daga bas, can ta nufa. Ta same shi a tsaye kan wayoyi, fuskarsa kamar an yi masa bushara.

"Malama! Kin ji? Kin ji ta? Duk gidajen rediyon da suka kore ni, yau su ke aiko a ba su. An kira ni babban wasan mawaƙa a filin ƙwallo ranar Asabar. Ba a taɓa sa mai rap a dandamalin nan ba. Ba a taɓa ba!"

"Muryar wa na ji?"

"Ta Baba mana."

"Ka tambaye shi?"

Ya tsaya. Ka rantse da wani yare ta yi masa magana.

"In tambaye shi me? Ai girmama shi na yi. Shi na ba amshi, wurin da ya fi ko'ina daraja a waƙa. Ni kaina a ƙarƙashinsa nake. Saurari yadda ya ja 'faɗa' ɗin nan, babu mawaƙin da zai iya."

"Girmamawa?" Hawaye suka zubo mata. "Mutumin da duk unguwa ke kawo wa rigima ya raba saboda sanyin bakinsa, ka mayar da shi abin da kwandasta ke buga mota da shi? Sau ɗaya ya yi fushi a rayuwarsa. Sau ɗaya. Shi ka ɗauka ka raba wa duniya, ka bar duk sauran."

"Amma suna sonsa, Auta."

"Suna dariya."

"Suna sonsa suna dariya. Ba a haɗa biyun?"

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ba ta san amsar ba. Ɗazu a bas, a tsakiyar firgita, wani ɓangare na zuciyarta ya ji daɗi da ta ji an kunna shi a rediyo. Ita ce ta san daren da ya kwana da yunwa ya sayi batir. Yanzu ta rasa ko murna za ta yi masa ko mari.

"Ka janye ta."

"Daga ina? Masu kwafe sun riga sun kwafe. Ko a ƙauye ana jin ta."

"To ka cire muryar ranar Asabar."

Ya sunkuya yana naɗe wata waya da ba ta buƙatar naɗewa.

"Na tambaye ka."

"In na cire, me ya rage? Don ita suka kira ni. Shekara da shekaru ina buga ƙofar nan, Malama. Yau ta buɗe, ki ce in ja ta da hannuna?"

"Ni ma shekara da shekaru nake buga wata ƙofar saboda kai. Yau ka sa mata kwaɗo."

Ta fita. Bai biyo ta ba. Ta yi ta waiwaye har ta sha kwana.

A gida ta tarar da takalma a ƙofar falo. Ta gane masu ƙyallin nan tun daga nesa.

Mai Kemis ne. Mutum mai ƙamshi da taushin murya, wanda ya daɗe yana aiko wa Inna man zafi kyauta, Goggo kuma maganin hawan jini. Tun da Auta ta ce ba ta sonsa bai fasa zuwa ba. Yau ya zo da babbar rediyo mai cin kaset, ya ajiye ta a tsakiyar tebur kamar gawa.

"Ni dai don kada Baba ya ji a bakin duniya ne na kawo," ya ce yana girgiza kai. "Abin ya yi mini ciwo. Sau uku na kunna masa don ya ji da kyau."

Wanda abu ya yi wa ciwo ba ya kunna shi sau uku. Amma babu wanda ya faɗa masa.

Baba yana kujerarsa ta kusa da taga, hannuwa a kan gwiwa. Tun hantsi ya rufe shago ya dawo saboda masu taruwa a ƙofarsa.

Goggo, yayar Baba, ita ta karɓi bakin.

"Ga gimbiyar nan. Shigo, shigo ki ga aikin angonki. An mayar mana da ɗan'uwa ɗan wasa. Ni da na je awo, mai shago yana miƙo mini canji yana ce mini 'Fita! Fita!' yana dariya. Da furfurata!"

"Goggo, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ga mutum nan zaune, mai sana'a, mai shago da rufi da ƙofa. Ke kin nace wa mai yawo da akwati yana satar maganar mutane. Yau ubanki, gobe ke. Ki yi tari a ɗaki, ki ji shi a tasha."

Auta ta ji maganar ta soke ta, don ba ta da tabbacin ƙarya ce.

Ta bi Inna kicin. Inna tana wanke kofuna, ta juya mata baya.

"Inna, me zan yi?"

"Ni kike tambaya? Ni da na rasa inda kaina yake." Ta rage murya. "Ɗazu ina shanya na ji bakina yana yin abin nan. Ƙas-ƙas, fita, fita. Na yi ta istigfari. Waƙar banza, ta maƙale mini kamar ƙaya."

"Baba ya ce wani abu?"

"Shi ne abin da ya ɗaure mini kai. Na san fushin ubanki, wannan ba fushi ba ne. Da aka kunna masa, bai damu da ihun ba. Tambaya ɗaya ya yi, wai tun yaushe na'urar take aiki a shagon, kuma yaushe ta tsaya. Daga nan ya yi shiru. Kamar mai jin tsoro."

Tsoron me? Auta ba ta gane ba.

Ana cikin haka aka yi sallama.

Tsawa ne. Ya sako doguwar riga wadda da gani aro ce, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Ya ciro kaset ɗaya daga aljihu ya ajiye a gaban Baba.

"Baba, na yi laifi. Ban san laifi ba ne sai da aka faɗa mini, kuma har yanzu kaina bai gama ɗauka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na ga ta yi kuka, na san na yi. Wannan ita ce uwar kaset ɗin, wadda ta wuni a shagonka. Babu wata."

Baba ya dubi kaset ɗin, ya dubi Tsawa. A karon farko tun shigowar Auta ya yi magana, a hankali.

"Ka ji ta har ƙarshe?"

"Na ji, Baba."

"Wa ya ji bayan kai?"

"Babu. Ko ita ban faɗa wa ba."

Auta ta dubi Inna. Inna ta dubi Goggo. Babu wanda ya san zancen da ake yi.

Mai Kemis ya ga dama ta samu. Ya yi zaton wani zagin ne ke ciki, ko wata ɓarna da za ta ƙarasa abokin takararsa.

"A'a, ai ba a rufe wa iyali magana," ya ce, ya sure kaset ɗin. "Bari kowa ya ji me kuma ya sata."

"Kada ka sa!" Tsawa ya zabura.

"Ajiye," in ji Baba.

Mai Kemis ya riga ya danna.

Agoguna suka cika falon, ƙas-ƙas-ƙas. Muryar Tsawa tana rap cikin rawar baki. Sai tsawar nan da kowa ya haddace. Sai ƙarar takalmi da gudu, ƙofa ta bugu.

Sai shiru, agogo kaɗai.

Can sai aka ji an ja kujera. Aka ji tsaki. Aka ji wani ƙarfe yana taɓa katako, tak, tak-tak, tak, yana bin bugun agogo. Sukudireba ce a kan tebur.

Sai muryar Baba, ƙasa-ƙasa, shi kaɗai a shagonsa, yana gwada baitin da yaron ya yi masa. Ya yi tuntuɓe a tsakiya. Ya ce, "A'a, ba haka ya yi ba." Ya koma farko. Ya sake. A karo na uku ya kai ƙarshe ba tare da ya faɗi ba, har da 'yar dariya.

"Ja'irin yaro," muryar ta ce. "Ashe da wuya."

Tsawa ya kai hannu ya kashe.

Goggo ta saki baki. Inna ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa, ba a san ko kuka take ko dariya ba. Auta ta dubi mahaifinta ta ga kunnuwansa kamar za su kama da wuta, sai ta ji wani tausayi da ba ta taɓa ji ba ya taso mata.

Mai Kemis ne ya ɓata. Dariya ta ƙwace masa, har da buga cinya.

"Kai, Baba! Ashe kai ma ɗan hannu ne! Wallahi wannan in ta fita sai ta fi waccan kasuwa."

Allura ta tono garma. Wanda ya zo binne wani ya faɗa ramin da ƙafarsa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya nuna ƙofa da yatsa ɗaya.

"Ɗauki rediyonka. Bar kaset ɗin."

"Baba, wasa nake."

"Na sani. Sauka lafiya."

Ya fita yana rungume da rediyo, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Tsawa ma ya yunƙura zai bi bayansa.

"Ba kai ba. Zauna."

Ya zauna a ƙasa.

Baba ya daɗe yana juya kaset ɗin a hannu, yadda yake juya agogon da bai gano ciwonsa ba tukuna.

"Wannan na ƙarshen ya fi wancan daɗin sayarwa. Ko mai maganin can ya gane. Me ya hana ka sa shi?"

"Wancan a gabana ka faɗa, Baba, ni ka faɗa wa. Wannan kuwa ba ka san ana ji ba."

"Wancan ma ban san ana ji ba."

Auta ta ga lokacin da maganar ta shiga kan Tsawa, ta ga fuskarsa ta sauya, kamar mutumin da ya daɗe yana tafiya sai yanzu aka ce masa ya baro hanya tun daga gida.

"Kana da kunya," Baba ya ci gaba, "amma rabi ce. Ni kuwa ba na ba da 'yata ga mai rabin kunya. Na ji an ce ranar Asabar za ka hau dandamali, rediyo za ta watsa."

"Haka ne."

"Zan kunna tawa. In na ji muryata, ko tari ne, kada ka ƙara tako ƙofar nan. In ban ji ba, ka zo da kawunka mu zauna."

"Baba, don waƙar nan suka kira ni. In na hau babu ita, jifa za su yi. Za su kore ni daga dandamali."

"Ni ma an kore ni daga shagona."

Goggo ta gyara zama. "Ai shi ke nan. Mu ga ko yarinyar yake so ko tafi."

Auta ta durƙusa gefen kujerar mahaifinta, hawaye yana bin haɓarta.

"Baba, in ya cire, ya rasa abin da ya yi wa wahala tun yana yaro. Wata rana zai dube ni ya tuna ni ce sila. In bai cire ba, na rasa shi. Ta ina zan ci riba? Me zan roƙa masa?"

"Ba ke aka tambaya ba, Auta."

Ta juya ga Tsawa. Tana so ta ce masa ya cire. Tana so ta ce masa kada ya cire. Dukansu biyun suna bakinta, suka tokare juna.

Tsawa ya miƙa hannu biyu. Baba ya ba shi kaset ɗin. Tsawa ya sa farce ya zaƙulo zaren, ya ja. Ya yi ta ja, baƙin zare yana taruwa a kan tabarma, agoguna da tsawa da 'yar dariyar nan duk a ciki, har ya kai ƙarshe ya tsinke shi. Fuskarsa ta mai dawowa daga maƙabarta ce.

"Wannan na Baba ne, na mayar," ya ce. "Ta Asabar kuwa..."

Ya haɗiye sauran. Ya tashi ya yi sallama, bai dubi Auta ba.

Ta bi shi da ido har ya fice. Ba ta san ko alkawari ya yi ko bankwana ba.

A waje wata mota ta rage gudu a kwana, gilashi a sauke, rediyo a ƙure. Ƙas-ƙas-ƙas ya shigo ta taga ya cika falon.

"Wannan waƙa ce ko faɗa?"

Inna ta tashi da sauri za ta rufe taga. Auta kuwa idonta ya sauka a kan hannun kujera. Yatsan Baba yana taɓa katako, tak, tak-tak, tak, daidai da kiɗan, bai kuskure ko ɗaya ba.

Ya ga ta gani.

Ya ɗauke hannun a hankali, ya cusa shi cikin aljihu.